Ledar Rogo a Ramin Iya

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya da kakarta Iya Tabawa, mai ƙunshe daddawa a ganye. In an gama da ganyen, Iya takan binne shi a ramin taki a gindin lemo, ta ce, "Daga ƙasa ya zo, mu mai da shi gida."

Bayan rasuwar Iya, sai aka kawo ledar da ake yi da rogo, aka ce ruɓewa take yi. Mutane suka riƙa yar da ita a hanya, amma ta ƙi ruɓewa.

Yarinyar ta tsinto ta, ta binne a ramin Iya. Ta tona, leda tana nan. Ƙawayenta suka ce, "Ke dai kin cika wahalar da kanki!" Ta zuba ruwa da kashin awaki, ta rufe. Ta tona, leda tana nan. Ta juya takin, ta sake rufewa.

Da damina ta wuce ta tona, sai baƙar ƙasa mai laushi. Ta damƙo, ta sansana, ta ji ƙamshin hannun Iya sak.

Ta ce a hankali, "Iya, na mai da ita gida. Kin gan ta?"