Tsagar da Ta Kalli Bango

Can da, a wani gari, an yi wata mai sito da ke jibge buhunan shinkafa kan shimfiɗun katako, don kada damshi ya taɓa su. Duk katakon da ya tsage, tsohon ɗan dakonta yakan ce, "Hajiya, ƙusa biyu za su gyara shi."

Ita kuwa sai ta ce, "Juya shi, Baba, tsagar ta kalli bango."

Wani ya tsage, ya kalli bango. Wani ma ya tsage, ya kalli bango.

Ran nan da azahar ta ji ƙyas! Ta ɗaga kai, sai ga tulin buhuna yana karkata wajen bango. A lungun da ke tsakanin buhunan da bangon kuwa Baba ke salla.

"Baba! Baba, fito!"

Yana sujada, bai ji ba. Ƙyas! Ta kutsa lungun, ta fizgo shi. Buhuna suka rufto, suka binne dardumarsa har da takalmansa.

Washegari Baba ya ɗago wani tsagaggen katako, ya dube ta. "In juya shi, Hajiya?"

Ta ce, "Miƙo mini guduma."