Mai Zane a Garwar Maginiya

Ana dab da magariba maginiya ta zaro tukwanenta daga wuta, jajir da su, ta cusa a garwar garin katako ta kife murfi. Haka take gashi. Da hannu take gini, amma abin da hayaƙi zai zana a jikin tukunya, ita ma sai ta buɗe take gani. Wata ta fito da ƙyallin tagulla, wata baƙa ƙirin, wata da tsagu sirara kamar saƙar gizo-gizo.

To, wani ɗan kasuwa ya ce shi iri ɗaya yake so. Tun daga nan duk wadda ta fito daban sai ta kwaɗa ta da ƙasa.

Ran nan ta fasa uku. Ba ta gama shara ba sai ga jifa a kan kwanon rufi. Ta leƙa, ba kowa. Ta ɗauki abin da ya faɗo, ashe tsingaron tukunyarta ne, da zafinsa.

Gidan bai sake samun natsuwa ba. Rana na faɗuwa sai jifa, murfin garwa ya yi ta rawa shi kaɗai. 'Yarta tilo ta daina ci, ta daina magana, sai dai ta tsuguna tana zane a toka da yatsa. Maginiya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tsoro ya kama ta, ba na wasa ba.

Ƙaninta ya ɗauko malam. Malam ya dafa kan yarinya ya daɗe yana karatu, sannan ta ɗago, muryar tsoho na fita daga bakinta.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Ita ke gini, ni ke zane. Tun tukunyarta ta fari nake cikin hayaƙin nan, ban taɓa neman ko sannu ba. Yanzu aikina take fasawa."

"Yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Hannunta da kyau. Na riƙe ta in koya mata."

Maginiya ta durƙusa. "Malam, ka ce masa na daina."

"Kin makara," in ji muryar. "Ko ki bar mini ita in ci gaba da yi miki zane, ko in tafi da hannuna."

Ko numfashi ba ta ja ba maginiya ta ce, "Tafi."

Yarinya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Can ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Gashi na gaba tukwane suka fito duk iri ɗaya, ruwan toka, babu ko ɗigo. Ɗan kasuwa ya kwashe yana murna.

Yarinya ta warke sarai. Amma har yau in maginiya za ta ɗaga murfin garwa sai ta ɗan dakata, alhali ta san abin da ke ciki.