Rabin Tikiti a Ofishin Filin Ƙanƙara

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Asabar aka kira ofishin 'yan sanda cewa an ɗauke akwatin kuɗi a filin wasan ƙanƙarar garinmu, inda ake buga hoki. Sufeto Marlys Wiebe ta ajiye kofin da tun safe take son shanyewa, ta ja rigar sanyi. Shekara ashirin da shida tana aikin nan a lardin Saskatchewan na Kanada, ta daɗe da daina gaggawa.

Dala dubu shida da ɗari huɗu ne, kuɗin da mata suka tara da sayar da abinci don gyaran injin da ke daskarar da filin. Kafin ta iso har an gama shari'a. Shugaban kwamiti, Glenn Rempel, ya karɓe makullai daga hannun Orest Hryciuk, dattijon da ke kula da wurin, ya ce Litinin ya kwashe kayansa daga ɗakin da yake kwana a sama. Orest ya haura saba'in, ba shi da wani ɗaki a duniya sai wannan.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya ce ya sauka zuba wa filin ruwan da zai daskare ya bar ofis a buɗe, kamar yadda yake yi shekara talatin. Nan garin ko mota ba a kullewa.

Bernice mai sayar da abin sha ta ce ta ga akwatin da idonta saura minti biyar a tashi wasan hokin da ake nunawa a talabijin, ƙungiyar Winnipeg na da huɗu, ta Calgary uku. Da aka tashi ta koma, wayam. Maza uku ne a zauren kallon da ke kusa da ofis: Rempel, da Dwayne Klassen makaniki, da Murray Sawchyn mai motar hatsi.

"Wa ya tashi daga kujerarsa?" in ji Sufeto.

"Ranki ya daɗe, Calgary sun cire golansu sun ƙara ɗan gaba don su rama. Ko gobara ta tashi a bayana ba zan waiwaya ba."

A ofis, Sufeto ta durƙusa da ƙyar, gwiwarta na ƙara. Ƙarƙashin tebur ta tsinci rabin tikitin caca, irin wanda ake yanka a gidan mai. Ranar yau ce a jiki, da wasan yau, da kalma ɗaya: ƙasa. Ta san hoki tun tana goye, amma caca ba ta taɓa yi ba, don haka ta koma wa Bernice.

Bernice ta goge hannu ta yi mata karatu. Akwai mai zaɓen wanda zai ci wasa kawai. Akwai mai cewa sai an ci da tazarar biyu, kuɗinsa ya fi tsoka. Akwai kuma wanda babu ruwansa da wa ya ci, jimillar ƙwallaye yake ƙirgawa, ko sama da adadin da aka sa ko ƙasa. Na yau, mai ƙasa yana so kada su kai shida.

"Huɗu da uku bakwai ke nan," in ji Sufeto.

"Ai wannan tikitin tun zango na biyu cikin uku ya mutu. Kuma ba mai yaga tikitin da bai mutu ba."

Sufeto ta fara da Klassen. Kafin ta rufe baki ya zaro nasa lafiyayye, yana washe haƙora. Tazarar biyu ya sa wa Winnipeg, kuma saura daƙiƙa goma sha ɗaya suka jefa ta biyar a ragar da babu gola. Ya ce ya yi tsalle har ya sheƙa wa Bernice giya a riga. Rigar tana nan ba ta bushe ba.

Sawchyn ya rantse ya bar caca tun bara. Sufeto ta zuba masa ido kawai, irin kallon wadda ta ji ƙarya dubu. Can ya sunkuyar da kai ya fito da tikiti daga cikin safa. Calgary ya zaɓa, ya ci gaba da sa rai har ƙwallo ta ƙarshe, shi ya sa bai yaga ba, dunƙule shi kawai ya yi.

"Don Allah kada Joanne ta ji. Na yi mata alkawari a gaban fasto."

"Matarka ba ta cikin fayil ɗina, Murray. Tashi ka tafi."

Saura Rempel. Ya zauna yana juya makullan Orest a yatsa, ya ce ɓata lokaci ake yi, ɓarawo yana ƙasa yana shara. Shi Winnipeg ya zaɓa, ya ci, bai ɗaga daga kujera ba. Tikitin kuwa yana mota, ko a gida, bai tuna ba.

Sufeto ta tuƙa zuwa gidan mai da ke bakin titi, inda matar da ke yankan tikiti ta yi dariya da ta ji tambayar. Ta ce shekara tara Glenn yana zuwa duk Asabar, bai taɓa zaɓen ƙungiya ba. Tsohon gola ne, shi ya tsare wa garin nan raga a zamaninsa, kuma har gobe gani yake gola ya fi ɗan gaba. Kullum ƙasa yake sa wa, kullum yana zagin golan yanzu. Yau ma ya saya, na dala ɗari biyar.

Da ta dawo ta sami Rempel yana sa hula. Ta ajiye rabin tikitin a kan tebur.

"Glenn, juye mini aljihun rigarka."

"Marlys, ni kike wa haka? Ajinmu ɗaya fa."

"Na sani. Na gaji ne, juye kawai."

Safar hannu ta fito, da makullin mota, da ɗaya rabin. Ta haɗa su suka zauna daram. Lokacin da ya zaro safar don kada ya bar shatin yatsa ne rabin ya faɗi.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce akwatin yana bayan kujerar motarsa, bai taɓa ko dala ba. Tun kaka yake asara a caca, ta waya da ta tikiti, har ya cinye kuɗin irin shukar gonarsa na bana, matarsa ba ta sani ba. Da ƙwallo ta shida ta shiga sai ya ji kamar an zare masa laka. Da wasa ya zo ƙarshe kowa ya zuba wa talabijin ido, shi kaɗai ba shi da abin kallo, ga ƙofar ofis a buɗe.

"To Orest fa?" ta tambaya. "Ina za shi ranar Litinin?"

"Na ɗauka kwamiti zai tausaya masa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ban yi tunani har can ba."

Wannan amsar ta fi satar ɓata mata rai. Ta karɓi makullan ta sauka da su da kanta. Orest na tsaye bakin fili da tsintsiya, ya karɓa ya cusa su a aljihu.

Ba ta sa wa Rempel ankwa ba, gaba kawai ta tasa shi. Sun kai ƙofa dattijon ya biyo su yana jan ƙafa. Rempel ya kasa ɗaga ido.

"Glenn," in ji Orest, "bar mini makullin motarka in jona mata lantarkin ɗumama inji. An ce sanyin yau zai kai digiri talatin ƙasa da sifiri, in ta kwana haka ba za ta tashi ba."

Rempel ya miƙa masa, sannan ya rufe fuska da hula. Sufeto ta buɗe masa ƙofar baya ta motarta, ta jira har ya gama kukan ya shiga.