Unguwar da Ake Gaisawa

Da yammacin wata Laraba na ɗauko Inna a mota muka tafi ganin gida. Tun kafin mu fita raina a ɓace yake.

Tun rasuwar Baba, Inna tana zaune a gidan da yayana ya saya mata a sabuwar unguwa. Gidan ba shi da laifi, sai dai kowa ya ja katanga har sama, ya ɗora mata waya, ya rufe get. Ba kanti, ba inda mutum zai je da ƙafa. Maƙwabcinta na dama, ƙarar motarsa kawai ta sani. Matar da ba ta iya wuce mutum ba tare da ta tambayi lafiyar iyalinsa har da kajinsa ba, sai ga ta tana hira da rediyo. Ranar da na tarar ta haɗa shayi kofi biyu, ta ajiye ɗaya gaban kujerar da ba kowa, na ce a'a, dole Inna ta tashi daga gidan nan kafin kanta ya juye.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: ɗan gida a unguwar da ake gaisawa, inda tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta dogara sanda ta je kanti ta dawo. Amma na sha wahalar dillalai. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wanda na laƙaba wa Saura Kaɗan, don duk lokacin da ka kira shi saura kaɗan ya iso. Mutumin nan ya taɓa kai ni bakin babban titi, manyan motoci na girgiza taga, ya buɗe baki ya ce, "Anti, ba jama'a kike so ba? Ga su nan suna wucewa." Don Allah ku ji min mutum!

Daga nan na daina yarda da gida da rana. Da yamma nake zuwa. In ajiye mota, in taka daga ƙofar gidan zuwa kanti in dawo, ina gaida duk wanda na gani, in ga wa zai amsa. Yawanci kallo ake bi na da shi kamar na zo roƙo.

A wannan Larabar Saura Kaɗan ya yi min kwatance ta waya: bayan tsohuwar masana'antar fenti. Muka jira shi har na gaji, na ga wani lungu a hagu, na ajiye mota a bakinsa muka shiga.

Ƙamshi ne ya fara tarbar mu. Ƙasa da aka yayyafa wa ruwa, hayaƙin gawayi, albasa a cikin mai. Ƙofofi duk a buɗe. Tela yana taka kekensa a ƙofar shago, kanti yana can ƙarshen layi da fitilarsa, wasu mata sun jeru a kan benci a gindin bishiya. Ga kuma wani ƙaramin gida mai shuɗiyar ƙofa, an buɗe shi, an share.

Ban kai ga buɗe baki ba suka riga ni.

"Maraba, maraba! Inna, sannu da hanya. Ya gwiwar?"

Na yi zaton sandar suka gani. Inna kuwa fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun Baba na da rai. Suka matsa mata, ta zauna, ta jingine sandar a jikin bishiya. Wata doguwa mai baƙin mayafi tana ba da labari, ta ƙarasa da cewa, "Sai ga shi ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya!" Suka kwashe da dariya. Inna ta buga cinya ta ce, "Allah sarki, kamar unguwarmu ta da."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ce, "Inna, bari in taka zuwa kanti in dawo."

"Je ki, Auta, ina nan."

Na gaida tela, ya amsa. Na gaida wani tsoho mai gyaran keke, ya amsa har da tambayar aiki. Kowa amsawa yake. Sai dai tafiyar ta yi min nauyi, kamar ina taka laka. Na ce gajiya ce.

Mai kanti ya yi min murmushi. Yana auna sukari, yana juyewa a leda. Babu kowa a gabansa. Gwangwanayen da ke bayansa duk sun yi tsatsa.

Na wuce shi don in leƙa bayan layin. Na sha kwana.

Sai ga shuɗiyar ƙofa. Ga bishiya. Ga benci.

"Sai ga shi ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya!"

Suka kwashe da dariya, irin ta ɗazu sak, har da tarin da wata ta yi a ƙarshe. Inna ta buga cinya.

"Allah sarki, kamar unguwarmu ta da."

Na dubi tela. Ƙafarsa na takawa, allura na hawa tana sauka. Ba zare. Ba yadi.

Albasar nan tana ta soyuwa tun zuwanmu, ba ta ƙone ba. Rana tana inda muka same ta.

Na durƙusa kusa da Inna, na yi ƙasa da murya. "Inna, tashi mu tafi."

Ba ta dube ni ba. Hannunta ya yi sanyi.

"Inna!"

"Sannu, 'yan mata," in ji doguwar. "Ya gajiya?"

"Ba gajiya," bakina ya faɗa kafin in kama shi. Nan take ƙafafuna suka ƙara nutsewa, kamar an ɗaura min dutse. A lokacin na gane. Duk gaisuwar da ka amsa, wurin yana ƙara riƙe ka. Inna kuwa tun da ta zauna take amsawa.

Na ciji leɓe. Na juya mata baya, na ja hannuwanta a kafaɗata, na goya ta.

"Ke Auta, kin haukace? Ban yi sallama da mutane ba."

"Inna, don girman Allah kar ki amsa wa kowa."

"A gaishe ni in yi shiru? Haka na rene ki?"

Na fara tafiya. Keken ɗinki ya tsaya. Dariya ta tsaya.

Sai muryoyi, daga kowace ƙofa, a hankali, cikin ladabi.

"Sannu, Inna."

"A huta gajiya, Inna."

"Inna, ya jiki?"

Ina jin numfashinta a wuyana. Ina jin bakinta na motsi. Na riƙa karanta duk addu'ar da na iya da ƙarfi, don in danne su.

Takun ƙafa a bayana. Da yawa. Ba sa sauri.

Na hango motata. Na hango titi, duhu ya riga ya fara a can.

Saura taku kaɗan, muryar doguwar ta zo daidai kunnena, da warin toka mai sanyi.

"To Inna, sai yaushe?"

Inna ta numfasa. Cikin raɗa ta ce, "Sai kun zo."

Na faɗa kan kwalta da gwiwoyina, ita a bayana. Na waiga. Katangar masana'anta ce doguwa, ba lungu, ba ƙofa.

Wayata ta yi ƙara. Saura Kaɗan ne. "Anti, ina kuka shiga? Ina nan ta dama tun ɗazu." Na kashe wayar.

Na sa Inna a mota muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga get ta ce, "Na samu mutane, kin raba ni da su." Maganar ta yi min zafi. Wata da watanni ina yawon nema mata maƙwabta, ni kuwa sau nawa na zauna na sha shayin nan da ita?

Washegari da yamma na je duba ta. A layin da ba a taɓa buga ƙofar kowa ba, sai na ji ana ƙwanƙwasa get, a hankali. Na leƙa ta kafar ƙofa. Ba kowa. Sandar Inna ce a jingine, an goge ta tas.

Na daina neman gida. Na kwaso kayana na dawo wajenta. Kullum rana na yin sanyi nake haɗa shayi kofi biyu, in zauna a kujerar nan, in yi ta zuba mata surutu: labarin aiki, gulmar yayana, ko me ya zo bakina. Ba na barin shiru ya shiga tsakani. Don duk sanda na tsaya in haɗiyi yawu, sai in ga ta karkata kai wajen get, leɓenta ya fara motsi.