Ɗalibin Da Kansa Ya Buɗe

A wani zamani, a wata makaranta, an yi wani ɗalibi wanda ya fi son ƙwallo fiye da littafi. Ranar jarrabawa, wani korarren ɗalibi ya tare shi a bayan katanga, ya miƙa masa jar ƙwaya.

"Haɗiye, ƙanena. Kanka zai buɗe."

Ya haɗiye. Yana zama a aji, sai ya ji biro na gudu da kansa. Ya cika takarda, ya ce a ransa, "Kai ya buɗe!" Aka ƙaro masa wata, ya cika, ya ce, "Kai ya buɗe!" Har tausayin sauran yara yake ji.

Bayan mako guda malam ya kira shi, ya baje takardunsa shida. Daga sama har ƙasa suna ɗaya ne ake ta maimaitawa.

"Malam, ko makin rubuta suna babu?"

"Da na ba ka, yarona, amma wannan sunan golan unguwarku ne."

Da shekara ta zagayo, yana nan a bencinsa na bara. Kuma ko ƙwallo ta faɗa bayan katanga, sai dai wani ya ɗauko.