Hancin Baba Ya Cika Allo

Ranar Laraba da yamma, Baba ya fita ɗauko Mama daga wurin aiki. Ya bar kwamfutarsa a kunne a kan teburin falo.

Babbar 'yarsa tana aji shida. A gida ana kiranta Injiniya, domin ita ke gyara rimot idan ya ƙi aiki. Tana son sunan nan ƙwarai.

Wani saƙo ya fito a kusurwar allo. Ya ce akwai sabon tsarin kwamfuta, a danna a sabunta. Baba ya sha ganin saƙon yana rufe shi. Yakan ce, "Kada wanda ya taɓa min wannan. Sai na samu sukuni."

Yarinyar ta duba ƙofa. Ta danna.

Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Ta san ta, don ta daɗe tana kallon yatsun Baba ta gefen ido. Ta buga, aiki ya fara.

Da aka gama, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Shafin shiga ya fito. A da, akwai ɗan ƙaramin hoton Baba a tsakiya, a ƙasansa kuma akwatin rubuta kalmar sirri. Yanzu komai ya kumbura. Hancin Baba da gashin bakinsa sun cika allon. Akwatin kuwa ya faɗa can ƙasa, ba a ganinsa.

Ta kashe ta kunna. Hancin ya dawo.

Ta sulale ta shige ɗaki. Ta buɗe littafin lissafi, amma ba ta ga ko lamba ɗaya ba.

Ƙaninta Auta ya shigo falo daga wasa. Ɗan aji ɗaya ne. Da ya ga allon sai ya fashe da dariya. Ya hau kujera, ya sa yatsa yana tsokanar ƙofar hancin. A haka Baba ya same shi.

"Auta! Me ka yi wa kwamfutata?"

"Ba ni ba ne, Baba. Haka na gan ta."

"Haka ka ce ranar da ka zuba mata shayi."

"Wannan ni ne. Amma wannan ba ni ba ne!"

Mama ta leƙa allon, ta toshe baki da mayafi. "To, aƙalla dai hancin naka ne, ba a canza maka shi ba," in ji ta.

Baba bai yi dariya ba. Duk aikinsa yana cikin kwamfutar. Ya ɗaga murya. "Injiniya! Zo ki ga aikin ƙaninki."

Ta fito a hankali. Ta sunkuya, ta duba allon kamar yau ta fara ganinsa.

"Lallai taɓa ta aka yi," in ji ta.

Ba ta ce Auta ne ba. Ba ta kuma ce ba shi ba ne.

Baba ya juya wurin Auta. "Kallon ƙwallon da na ce zan kai ka ranar Asabar, an fasa."

Tun makon jiya Auta yake kwana da rigar ƙwallonsa a ƙarƙashin matashi. Bai yi ihu ba. Ya je bayan kujera ya zauna, hawaye na zuba. Da aka kawo abinci, yarinyar ta tura masa namanta. Ya ce, "Na gode, Yaya." Sai ta ture kwanonta gefe, ba ta ƙarasa ci ba.

Washegari, bayan darasi, ta tsaya a ɗakin kwamfuta na makaranta. Malama tana naɗe wayoyi.

"Malama, wata ƙawata ce ta sabunta kwamfutar babanta. Sai shafin shiga ya kumbura. Ta lalace ke nan?"

"Ba ta lalace ba," in ji Malama. "Shafin shiga kamar zaure yake, yana da nasa awon dabam da na cikin gida. Wani lokaci sabuntawa takan rikita awon zauren, alhali ciki lafiya lau."

"To yaya za a shiga, tunda ba a ganin akwatin?"

"Yana nan, ɓuya ya yi. A buga kalmar sirri ko ba a gani, a danna maɓallin shiga. Sai a je wurin saitin allo, a zaɓi awon da ya dace, a ce ya yi aiki har a shafin shiga."

Yarinyar ta maimaita a ranta. Ta juya za ta tafi.

"Ƙawar taki ta faɗa wa babanta?" in ji Malama.

"Ba ta faɗa ba tukuna."

"Hmm. Ki gaishe min da ita. Ki ce mata wannan gyaran ba ya cikin saiti."

Yarinyar ta fita tana kallon takalmanta.

Da yamma ta ce wa Baba za ta gwada wani abu. Kowa ya taru a bayanta, har da Auta. Ta gyara zama. Yatsunta suka bi madannai da sauri, ta danna maɓallin shiga. Allon ya buɗe, komai na Baba yana wurinsa. Ta je saiti, ta yi yadda Malama ta ce. Ta kashe ta kunna.

Ga ɗan hoton Baba a tsakiya. Ga akwati a ƙasansa.

Mama ta tafa. "Sannu Injiniya!"

Baba ya bi hannunta da kallo. Can ya ciro tikiti biyu daga aljihu, ya ajiye ɗaya a gabanta.

"Mai gyara ya cancanci tukuici," in ji shi. "Ke za ki raka ni ranar Asabar."

Ta dubi tikitin. Ta dubi Auta. Auta ya daure ya ce, "Yaya, idan an ci ƙwallo ki yi min ihu."

Ta tura tikitin gefe.

"Baba, ni ce. Ni na danna. Auta bai taɓa komai ba."

Baba ya gyaɗa kai.

"Na sani," in ji Baba. "Ɗazun nan na gane. Ban ba ki kalmar sirrina ba, amma kin buga ta ido rufe. Jira nake in ji ko za ki karɓi tikitin."

Ta rufe fuska da hannu biyu. "Na ji tsoro ne. Kar a daina ce min Injiniya."

Mama ta dafa kafaɗarta. "Kowa yana kuskure, 'yata. Danna saƙon ƙaramin laifi ne. Babban shi ne shirun da kika yi ƙaninki yana kuka. Idan kin yi ɓarna, ki faɗa da bakinki tun kafin a ɗora wa wani."

Baba ya durƙusa a gaban Auta. "Ni ma na yanke hukunci ban bincika ba. Ka yafe min."

Auta ya zaro ido. Bai taɓa jin babba ya ba shi haƙuri ba.

"Ka yafe min ni ma, Auta," in ji yayarsa.

Ya ɗauki tikitin, ya duba gaba da baya. "Na yafe. Amma ki dawo da hancin in ƙara gani."

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Wannan karon Baba ma ya yi.

"Matsa min," ya ce wa yarinyar. "Zan canza kalmar sirri. Auta, ga aikinka."

Auta ya hau kujera, ya rufe idanun yayarsa da tafukansa biyu, ya matse sosai.

"Buga, Baba," in ji shi. "Ba ta gani."