Godiyar da Begimai Ta Ƙi Karɓa

"Ermek! Wayarka ce ke ta ihu, ko sai na zuba mata shayi za ka ɗauka?"

Begimai ce daga kicin, hannu ɗaya riƙe da buta, ɗayan a kan kwamfutarta da ta ɗora bisa firij saboda babu wani wurin. A wancan zamanin suna haya ne a saman wani tsohon bene a Bishkek, ɗaki ɗaya da kicin, taga tana kallon duwatsu. Gida ne da in ka yi atishawa maƙwabci ke amsa maka ta bango. Amma har yau, bayan sun gina nasu mai faɗi, in ana zancen daɗin zama can hankalinsu ke komawa.

Ermek ya saurari wayar, ya ajiye a hankali.

"Apa ce. Baike, yayana Kubat, ya tsaya takarar majalisar ƙauye. Ta ce mu zo ranar Asabar – da ke musamman."

"Da ni musamman? Ni ɗin nan?"

Dole ta yi mamaki. Tun da aka yi aurensu, Burul-apa, mahaifiyar Ermek, ba ta taɓa nemanta musamman ba. Su biyun sun haɗu ne suna ɗalibai a cikin bas, ya taka mata ƙafa, ya yi ta ba ta haƙuri har ya wuce tashar da zai sauka. Shi ya zama malamin makaranta. Ita kuwa ta zama cikin ƙwararrun da gwamnati ke ɗauka ta hannun kamfaninsu in za a gina babban tsarin kwamfuta: na fansho, na asibitoci, yanzu kuma na zaɓe, wato na'urorin da ke karanta yatsan mai zaɓe, su haɗiye ƙuri'arsa, su aika sakamako birni. Apa ba ta ga abin burgewa a nan ba. A wurinta kelin, matar ɗa, mai ɗankwali ce da ke riga kowa tashi ta tatsi saniya. Wannan 'yar birnin mai wando da ta kwashe mata auta ta kai shi bene, ai sai dai a yi haƙuri da ita. Begimai kuma uwarta ta rasu tana ƙarama. Da yunwar uwa ta shigo gidan nan, har lokacin kuma ba a ba ta ko loma ba.

Ranar Asabar, a ƙauyensu da ke kwarin Talas, tsohuwar ta ja ta ɗakin girki ta tura ƙofa.

"Kelin, an ce injin nan na ƙuri'a a hannunki yake."

"Ba a hannuna ba, Apa. Mu da yawa ne muka tsara shi."

"To ai shi ke nan! Kubat ba shi da kuɗin abokin takararsa, Sapar mai gidan mai. Shi ba abin da ya iya sai yawon gyara wa mutane hanyar ruwan gona kyauta. Wa zai zaɓi wannan? Ki duba mana."

"Wallahi Apa ba zai yiwu ba. Ko da zai yiwu ma ba zan yi ba, rantsuwa muka yi."

Tsohuwar ta kalli ƙofa, ta kalle ta, ta yi murmushin wanda ya gane karatu.

"Haka ne. Irin wannan ba a faɗa da baki. Ashe dai kina da hankali."

Da ta ba Ermek labari a mota, dariya ya yi har yana dukan sitiyari. Ita ba ta ga abin dariya ba. Ranar Litinin ta gaya wa shugabanta cewa wan mijinta yana takara, aka cire yankin Talas baki ɗaya daga abin da take dubawa.

Aka yi zaɓe. Ga mamakin kowa, har da shi kansa, Kubat ya kayar da Sapar da 'yan ƙuri'u kaɗan.

Aka yanka rago, dangi suka cika gida. A wurin biki kowa ya san mazauninsa: manya can ƙurya nesa da ƙofa, kelin a bakin ƙofa kusa da tukunyar shayi, tana zubawa tana miƙawa. Kan rago na dattijo ne, kitsen wutsiya na macen da ta fi kowa girma. Begimai ta ɗaura ɗankwali ta nufi wurinta na kullum, sai ta ji an riƙo mata hannu. Apa ce. Ta ratsa da ita ta gaban gwaggwanni da innoni, ta zaunar da ita a ƙurya, ta ɗauko kitsen wutsiyar ta ajiye mata. Sannan ta rungume ta.

"Ɗiyata," in ji ta. "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata."

Jikin tsohuwar yana ƙanshin hayaƙi da madara. Begimai ta ji wani abu ya narke a ƙirjinta, hawaye suka zubo ba shiri. Kada kowa ya ga laifinta: daɗi ta ji, daɗin da ta shekara da shekaru tana jira.

"Yatsun zinariya!" wani kawu ya ce, yana kashe ido. "Mu dai ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba!"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne mai bikin. Kubat yana zaune kai sunkuye kamar wanda ya zo ta'aziyya.

Ermek ya matso ya raɗa mata, "Don Allah ki bar su. Ke kin san ba ki yi ba, me zai rage ki? Dubi Apa fa... yau ta fara sonki."

Da a ce bai faɗi wannan ba, wataƙila da ta yi shiru. Ta ture kwanon a hankali, ta miƙe.

"Apa, ku yi mini afuwa. Wannan naman ba nawa ba ne. Ban taɓa ƙuri'a ko ɗaya ba. Tun kafin zaɓe na sa aka cire hannuna daga yankin nan. Baike da kansa ya ci."

"To, to, mun ji, zauna," in ji kawun.

"Ba wasa nake yi ba! Na rantse da kabarin mahaifiyata!"

Wannan rantsuwar ba a yin ta don kara. Fuskar Apa ta sauya kamar an kashe fitila.

"Wato na roƙe ki, ni da furfurata, kika ƙi? Da ɗana ya faɗi kina kallo?"

"Apa..."

"Tashi. Shayin mutane ya huce."

Haka ta koma bakin ƙofa, ta zuba wa kowa shayi har aka watse, ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta.

A hanyar komawa, da suka fara hawan dutse, Ermek ya fashe.

"A gaban baƙi, Begimai! Ba za ki iya jira a watse ba?"

"Ɓarauniya suke kira na, kai kana cewa in ci nama!"

"Wa ya ce ɓarauniya? Godiya suke yi miki!"

"Godiyar me?"

Can ya sassauta murya, ya faɗi maganar da ya yi ta nadamarta daga baya.

"To yanzu mu biyu ne, ba kowa. Tsakanina da ke... da gaske ba ki ɗan taɓa ba? Ko kaɗan?"

Suna isa Bishkek ta haɗa kayanta a ƙaramar jaka, ta tafi gidan gwaggonta a Tokmok.

Abin bai tsaya nan ba. Tun kafin bikin Apa ta riga ta gama zuba fariya a kasuwa cewa tana da suruka a cikin injin, maganar kuwa ta je kunnen Sapar da zafinta. Ya shigar da ƙara. Kamfani ya dakatar da Begimai har a gama bincike, kotu ta ce a buɗe akwatunan ƙauyen a ƙirga takardun da hannu. Aikin da ta zuba wa ƙuruciyarta, da mijin da ta zaɓa da kanta, duk suka suɓuce mata a mako guda. Gwaggo ta ce ta kira shi ta zazzage masa, ta ƙi. Ta ce a raba auren, ta ƙi. Zama kawai ta yi tana taya ta ɓarar wake, ta rame, in ta ji mota ta tsaya a waje zuciyarta ta buga.

Ana gobe za a yi ƙirgar, da hantsi, sai ga Ermek a bakin ƙofa, gemu ba aski, riga ba guga.

"Ka yi saurin zuwa," in ji ta. "Sai gobe za a san ko ni ɓarauniya ce."

"Shi ya sa na zo yau. In na bari sai gobe, takarda na yarda da ita, ba ke ba. Na zauna ni kaɗai a ɗakin nan ina neman ƙarya ɗaya da kika taɓa yi mini, ban samu ba. Macen da na rubuta wa waƙa muna ɗalibai ta dube ni ta ce ba daɗi!"

"Ai ba daɗin."

"Na sani! Ki yafe mini, Begimai. Ko me aka ƙirga gobe, ni na gama nawa lissafin."

Ta so ta ja masa rai, wallahi ta so. Amma dariya da kuka suka taho mata tare, Gwaggo kuma daga ciki ta ce in sun gama shirmen su shigo abinci ya sauka.

Washegari aka taru a zauren makarantar ƙauye, mutanen Sapar a gefe, na Kubat a gefe, Apa a kan benci riƙe da sandarta. Aka zazzage takardu, ana ɗaga kowace sama kowa ya gani. Da aka gama, abin da na'ura ta faɗa shi hannu ya faɗa. Sapar ya ja tsaki ya fice. Kubat kuwa, ƙaton mutum mai hannu kamar shebur, ya dubi tulin takardun da ke ɗauke da sunansa, ya dubi maƙwabtan da ya shekara yana shiga musu taɓo, sai ya rufe fuska da hularsa.

"Ashe da gaske ne?" yake ta faɗa. "Ashe ku ne? Ni tun ranar nan ban iya haɗa ido da kowa ba..."

Apa ta ji shi. Ta dogara sandarta ta fita.

Bincike ya wanke Begimai tas, amma ba a mayar da ita aikin zaɓe ba. An ce sunanta ya riga ya shiga bakin mutane, aka tura ta tsarin fansho. Ta yi kukan wannan, kuma har yau in ta ga layin masu zaɓe sai ta ji wani iri.

Bayan 'yan makonni, wata Lahadi da rana, suka ji ana haki a matakalar bene. Ermek ya buɗe ƙofa. Burul-apa ce, wadda ta taɓa rantsuwa ba za ta hau gidan tsuntsayen nan ba, da ƙunshin tuffa a hannu.

"Wane mara imani ne ya gina wannan?" ta ce, ta zube kan kujera. "Kai, ba mu wuri."

Ina wuri a ɗaki ɗaya? Ermek ya shige kicin ya kasa kunne.

Tsohuwar ta daɗe tana murza bakin ɗankwalinta.

"An ce saboda bakina kika rasa aikinki."

"Ya wuce, Apa."

"Bai wuce ba, ki bar ni in faɗa. Ni na haifi Kubat, ni na goya shi. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa mutane za su zaɓe shi don shi ba. Na raina ɗana, na sa shi ma ya raina kansa. Duk gidan nan, da ni da ƙaninsa da kawunnansa, mutum ɗaya ce ta tashi ta ce shi ya ci. Ita kuma na kore ta bakin ƙofa."

Begimai ta durƙusa ta riƙe hannuwanta. Wannan karon da tsohuwar ta jawo ta jikinta, ba ladan komai ba ne, kuma ba wanda zai iya zuwa gobe ya ƙwace. A kicin kuwa Ermek yana ta share ido da tsumman kwano.

Apa ta rayu shekaru masu yawa bayan nan, ba ta kuma daina mitar wandon ba har ta koma ga Allah. Begimai ce ta yi jinyarta, ita ce kuma ta fi kowa kuka.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Son da aka ba ku saboda abin da ba ku yi ba, aro ne, komai daɗinsa kada ku karɓa. Ku faɗi gaskiya ku yi haƙuri da abin da za ta jawo, ko da za ta mayar da ku bakin ƙofa. Kai kuma da ka ce kana son mutum, ka yarda da shi tun kafin a ƙirga takardu.